Wasiƙar Sallah daga Niigata

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Ina gaida Yaya da ƙannena duka. Na sauko daga Idi ke nan, na zauna in ba ku labarin amazake, abin shan da na riƙa buɗa baki da shi a azumin bana, domin duk kurɓar da na yi masa kunun zaƙin Inna nake tunawa.

Kafin azumi, lokacin da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, wani dattijo maƙwabcina ya kai ni gidan da ake dafa sake, giyar shinkafar da jihar Niigata ta nan ƙasar Japan ta yi suna da ita. Baba, hankalinka ya kwanta, tun daga ƙofa na shaida musu cewa addinina ya hana ni giya, kuma ba wanda ya matsa mini. Sai dai sun tambaye ni ko na ci natto da safe, wani waken suya da ake ruɓarwa kamar daddawarmu, saboda ƙwayoyin cikinsa suna ɓata musu aiki.

Shinkafar da suke amfani da ita, irin su Gohyakumangoku, ana goge ta har wani lokaci rabin ƙwayar kaɗai ke saura, sannan a turara ta, a shimfiɗa a wani ɗakin katako mai ɗumi, a barbaɗa mata wani irin fumfuna da suke kira koji. Kwana biyu ma'aikata ke kula da ita, suna tashi cikin dare su juya ta da hannu, har ta yi fari sol tana ƙamshi. Wannan sana'a ce UNESCO ta shigar cikin al'adun gado na duniya a Disamban 2024, kuma da na ga yadda shugabansu ke murza ƙwaya guda a tafin hannunsa yana shinshinawa, na yarda cewa ta cancanta.

Da sauran baƙi suka ɗauki ƙananan kofunansu, ni sai aka miƙo mini amazake mai zafi. Shinkafa ce da koji da ruwa, an bar su cikin ɗumin kusan digiri 60 na tsawon awa 8, babu yis, saboda haka babu maye. Akwai wani nau'in da ake yi da tukar giya, shi kam ina karanta jikin kwalba in kauce masa. Wanda aka miƙo mini kuwa kauri gare shi, da gudajin shinkafa masu narkewa a harshe, ga zaƙi mai sanyi ba tare da an sa sukari ba, kamar yadda Inna ke fito da zaƙin kunu da busasshen dankali.

Na sayi koji busasshe zan zo da shi. Inna, don Allah ki tanadar mini shinkafar gida mudu ɗaya mu gwada tare.

Ɗanku mai neman albarkarku.