Rahoton Ayyukan Shekara: Inda Hurumin Soja Ya Tsaya a Cikin Farar Hula

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawan ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa membobi na gida da na nesa, ga rahoton abin da kwamitin zartarwa ya gudanar a madadinku cikin shekarar da muke bankwana da ita. Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji, zai zo muku daban.

A babban taronmu na bara aiki guda kuka ɗora mana. Kun ce mu gano abin da doka ta tanada game da sojan da ke tsaye a bakin titi yana aikin da muka tashi muka gani a hannun ɗan sanda, sa'an nan mu kai wannan sani ga direbobi da 'yan kasuwa da samarin unguwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yau mutum ba ya tashi daga Gusau zuwa Funtuwa, ko daga Damaturu zuwa Maiduguri, bai tsaya a shingen sojoji ba. A Jos tun 2010 aka girke rundunar haɗin gwiwa, yaron da aka haifa a wannan shekarar ya zama saurayi bai taɓa sanin garinsu babu soja a mararraba ba.

Zaman karatu

Mafi yawan ƙarfinmu a nan ya tafi, kuma ba mu yi nadama ba. Lauyoyin da ke cikinmu suka riƙa zama da mu wata-wata, kyauta, suna karanta mana kundin tsarin mulki na 1999 suna fassarawa da Hausa.

Sashe na 214 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya tak ga ƙasa baki ɗaya. Kama mai laifi, bincike, tsare wanda ake zargi, kai shi kotu, duk can dokar 'yan sanda ta ajiye su. Sashe na 217 kuma ya lissafa wa sojoji nasu aikin: kare ƙasa daga harin waje, tsare iyakokinta ta tudu da ruwa da sama, da duk wani aiki da Majalisar Tarayya ta ƙara musu ta hanyar doka. Akwai kuma ƙaramin sashe na 2(c), wanda muka fi daɗewa a kansa. Ya ce sojoji za su murƙushe tawaye, su kuma taimaka wa hukumomin farar hula wajen maido da doka da oda idan Shugaban Ƙasa ya kira su, amma bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta gindaya a cikin doka.

Kalmar da ta tsaya mana a rai ita ce "taimakawa". Mai taimako ba shi ne mai gona ba. Wanda aka gayyata gayya yana noma iyakar inda mai gona ya nuna masa, idan rana ta yi kuma ya ɗauki fartanyarsa ya koma gida. To a wurare da yawa na ƙasar nan ɗan gayya ne ya zama mai gona, ɗan sanda ya koma gefe yana kallo.

Da muka nemi waɗannan sharuɗɗa da aka ce Majalisa za ta gindaya, sai aka kai mu ga Dokar Sojoji, wadda asalinta dokar mulkin soja ce ta 1993. Sashe na 8 nata, kamar sashe na 218 na kundin tsarin mulki, ya bai wa Shugaban Ƙasa ikon yanke yadda za a yi amfani da sojoji, har da batun kiyaye zaman lafiyar jama'a. A fahimtar kwamitinku wannan iko ne aka bayar, ba iyaka aka shata ba. Bai faɗi tsawon lokacin da soja zai zauna a gari ba, bai faɗi wanda zai ba da umarni tsakanin kwamanda da kwamishinan 'yan sanda ba, bai faɗi abin da za a yi da farar hular da soja ya kama ba. Wannan giɓi shi ne babban abin da muka gano a bana.

Ɗaya daga lauyoyinmu ya kawo mana misalin Amurka don kwatance. Can tun 1878 suke da dokar da ake kira Posse Comitatus, wadda ta mai da shi laifi a yi amfani da sojojin tarayya wajen aiwatar da dokar cikin gida, sai inda tsarin mulkinsu ko majalisarsu suka yarda a fili. Su ma ba su huta da gardama a kanta ba, amma dai akwai layin da alƙali zai duba ya ce an tsallake.

Saɓanin da ya taso a tsakaninmu

Dole mu faɗi wannan, domin ya kusa raba kan zaman. Wani dattijo daga cikinmu, wanda 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, ya miƙe ya ce mu da ke birni muna maganar sashe da ƙaramin sashe, su kuwa duk daren da motar sojoji ta kwana a garinsu shi ne daren da mata ke barci. Ya ce ofishin 'yan sandan da ya fi kusa da su ba shi da motar da za ta kai gare su. Babu wanda ya iya ce masa ƙarya yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tsofaffin sojojin da ke cikin ƙungiya su ma suka yi magana, kuma maganarsu ce ta daidaita mu. Suka ce horon soja na fuskantar abokin gaba ne, ba a koya masa ɗaukar jawabin mai ƙara ko adana shaida ko lallashin taron da ya fusata ba. Suka ce yaran da ake ajiyewa a shinge wata da watanni, nesa da iyalansu, su ma ba son ransu ba ne, kuma da yawansu sun rasa rayukansu suna kare mutanen da ba su taɓa sani ba. Muna yi wa waɗanda suka rasu addu'a, Allah ya jiƙansu.

Matsayar da muka cim ma, wadda muke neman babban taro ya amince da ita, ita ce: ƙungiyar nan ba ta neman a janye soja daga inda ake yaƙi da masu ɗauke da makamai. Abin da take nema shi ne soja ya tsaya a kan wannan aikin, ya bar bashi da rikicin fili da rigimar miji da mata ga waɗanda doka ta ba su.

Abin da kotuna suka riga suka faɗa

Mun tattara hukunce-hukuncen da suka shafi wannan batu, muka taƙaita su da Hausa a 'yar takardar da aka raba a tashoshin mota.

A watan Nuwamba na 1999, bayan kashe 'yan sanda 12, sojoji suka shiga garin Odi a jihar Bayelsa suka rusa shi. A 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta umarci gwamnati ta biya mutanen garin diyyar naira biliyan 37.6. A watan Oktoba na 2001 irin haka ta faru a Zaki Biyam da ƙauyukan kewaye a jihar Binuwai, bayan kashe sojoji 19, kuma a 2007 kotu a Inugu ta yanke diyyar naira biliyan 41.8. A duka biyun laifi aka yi, babban laifi, wanda ya kamata a bincika a kamo masu hannu a ciki. Maimakon haka gari guda aka hukunta.

A 2019 rundunar sojan ƙasa ta shirya wani atisaye da zai sa a riƙa tsayar da mutane a ko'ina ana neman katin shaida. Lauya Femi Falana ya kai ƙara, kuma a 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa na Babbar Kotun Tarayya a Legas ya ce rundunar ba ta da wannan hurumi. A kan zaɓe ma, a 2015 Babbar Kotun Tarayya a Sakkwato da Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar zaɓen gwamnan Ekiti duk sun ja kunne a kan shigar da sojoji harkar zaɓe. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce hukumar zaɓe za ta nemi sojoji ne kawai don tsaron rarraba kayan zaɓe da kare ma'aikatanta.

Mun keɓe zama guda a watan Disamba don abubuwa biyu da suka faru a jihar Kaduna. Na farko arangamar sojoji da 'yan Shi'a a Zariya a Disamban 2015, inda kwamitin bincike na Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba ya tabbatar da cewa an binne mutum 347 a kabari ɗaya a Mando, ya kuma ba da shawarar a hukunta waɗanda suka wuce gona da iri. Har yau ba mu ga an gurfanar da soja ko ɗaya a gaban kotu a kan wannan ba. Na biyu Tudun Biri, a ƙaramar hukumar Igabi, inda a daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi, hukumar agajin gaggawa ta ƙirga aƙalla mutum 85. Membobinmu suna da bambancin aƙida, wasu ma ba addininmu ɗaya ba, amma a wannan zaman babu wanda ya kawo maganar ɗariƙa ko mazhaba.

Teburin koke

Wannan shi ne sabon abin da muka buɗe a bana, kuma shi ya nuna mana inda takalmin ke matsa talaka. Koken da suka fi zuwa ba na manyan kashe-kashe ba ne. Direba ne aka sa shi tsallen kwaɗo a gaban fasinjojinsa don ya wuce layi. Matashi ne aka aske masa kai da ƙarfi. Mai shago ne wanda ake bin sa bashi, mai bashin ya ɗauko ɗan'uwansa mai kaki aka tafi da shi bariki. Akwai uwar da ta zo tana kuka an tafi da ƙaramin ɗanta don ba a sami babban ba.

Ga abin da muke karanta wa duk wanda ya zo. Sashe na 34 na kundin tsarin mulki ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da ita laifi ga kowane jami'i, ba ta karɓar uzurin cewa umarni ne daga sama. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma hana kama mutum a kan bashi ko saɓanin ciniki. Saboda haka idan soja ya kama farar hula, hanyarsa ita ce ya miƙa shi ga 'yan sanda, su kuma su kai shi kotu. Kotun soja ta waɗanda ke ƙarƙashin dokar soja ce.

A wasu koken mun yi nasara ta hanyar zuwa da dattawa wurin kwamanda, kuma gaskiya mun haɗu da hafsoshin da suka saurare mu da mutunci suka saki mutum nan take. Wasu mun rubuta wa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Muna kuma ja wa matasanmu kunne kullum: a shinge ba a gardamar doka da mai bindiga. Ka kashe fitila idan dare ne, ka yi abin da aka ce, ka riƙe wuri da lokaci da lambar mota a ranka, ka kawo mana da safe.

Inda muka gaza

Mun yi alkawarin shirin rediyo, ba mu iya biyan kuɗin fili ba. Takardar wayar da kai ta fito da boko kawai, alhali da yawan direbobi da mutanen karkara ajami suka fi karantawa. Mafi ciwo, akwai koken da muka bari a hanya saboda masu su sun ji tsoro sun janye, mu kuma ba mu da abin da za mu ba su kariya da shi. Iyayenmu mata sun yi ƙorafin cewa lokacin zaman karatu bai dace da su ba, kuma suna da gaskiya.

Abin da ke gabanmu

Lauyoyinmu sun fara rubuta takardar da za mu miƙa wa 'yan majalisar tarayya na mazaɓunmu, muna neman su kawo ƙudurin da zai cika sharuɗɗan sashe na 217(2)(c): wa'adin kowane girke sojoji a cikin gari da sabunta shi a gaban Majalisa, awannin da soja zai miƙa farar hula ga 'yan sanda, rajistar duk wanda aka tsare, da wurin kai ƙara da ba a cikin bariki yake ba. A cikin takardar za mu nemi a ɗauki ƙarin 'yan sanda a kai su karkara da motoci, domin maganar dattijonmu ba za ta faɗi ƙasa ba.

Za a karanta daftarin a babban taro kafin a sa hannu. Muna roƙon malaman da ke da kyakkyawan rubutun ajami su ba da sunayensu ga sakatare, haka kuma iyayenmu mata su zaɓi ranar da ta fi musu sauƙi don zaman karatu. Waɗanda ake bin su kuɗin wata-wata su ga ma'aji kafin ranar taro.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa