Sayen na'urar tantance sinadarai kaɗai bai wadatar ba

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan sababbin na'urorin kromatogirafi, masu rarrabe sinadaran da suka cakuɗu, da na'urorin auna nauyin ƙwayoyinsu. Sai dai rahoton ya tsallake batun kula da su.

A 2022 gurɓataccen maganin tari ya hallaka yara kusan 70 a Gambiya, alhali kromatogirafin gas na iya gano gubar da ke cikinsa. Amma na'urar ba ta aiki sai da tsayayyiyar wutar lantarki, tataccen gas irin su hiliyom, da ƙwararren ma'aikaci. In babu su, sai a lulluɓe ta da leda, ƙura na hawa.

Shawarata ga hukumomi: a sa kuɗin gyara da horar da ma'aikata tun a kwangilar saye.

Naku,
Wani mai karatu