Na Haye B1, Kuma Waƙa Ce Ta Buɗe Min Kunne

Mutumina, assalamu alaikum.

Na ci jarrabawar Jamusanci ta matakin B1! Shekaranjiya sakamako ya fito ina cikin jirgin ƙasa zan tafi aiki, ban san lokacin da na ce alhamdulillahi da ƙarfi ba, har wani dattijo ya waigo. Duk sassa huɗun na haye: karatu, saurare, rubutu da magana. Kowanne sai ka samu maki 60 cikin 100, kuma sauraren nan da ya kayar da ni bara, a nan na fi samun maki. Na san shiruna ya yi yawa, wata biyar saƙonka na jirana. Ka yi haƙuri don Allah.

Ka tambaye ni ta inda ƙaninka zai fara Jamusanci da abin da zai kashe. Batun kuɗin sai a wani saƙon, amma kan inda zai fara, tsaya ka ji yadda waƙa ta taimake ni.

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki a nan Hamburg, duk ranar Alhamis da la'asar, bayan an sha kofi, ana kunna musu Schlager. Waƙoƙi ne na soyayya da begen gida, kalmominsu ba wuya, amshin ya yi ta dawowa. Akwai wata tsohuwa da nake turawa a keke, ta haura tamanin, wani lokacin ko 'yarta ba ta ganewa. Amma da kiɗa ya tashi, ba baitin da ke kuɓuce mata. Tana rerawa tana buga yatsa a bayan hannuna, sai na fara bin ta a hankali. Rannan na faɗi wata kalma mai harafin ü ba daidai ba, ta tsaya cak, ta tsuke baki kamar mai shirin yin fito, ta ce in riƙe bakina haka in ce "i". Nan take sautin ya fito. Wata shida malamarmu na fama da ni a kansa. Wallahi sai da na fita waje na share ido, don na tuna Inna lokacin da take gyara mana karatu.

Daga nan na mayar da abin tsari. In ɗauki waƙa ɗaya, in saurara sau uku ban duba komai ba, in rubuta abin da kunnena ya kama, sannan in nemo rubutacciyar in gwada. Farko rabin shafi kuskure ne. Amfanin shi ne kalma ba ta zuwa ita kaɗai, tana zuwa da der ko die ko das, masu nuna jinsinta, manne a gabanta, ka haddace su tare ba ka ma sani ba. Kuma ka ji abin daɗi: rana mace ce a wajensu, die Sonne, wata kuma namiji, der Mond, daidai da namu. Abokan ajina daga Spain sai su yi ta juyawa, don a nasu akasin haka ne. Wanda har yau zuciyata ba ta karɓa ba shi ne yarinya, das Mädchen, ba mace ba namiji a nahawu.

Ƙirga kuwa waƙar mawaƙiyar Jamus Nena ta 1983 ce ta warware min, wadda ke da 99 a sunanta. Suna cewa neunundneunzig, wato tara da casa'in, ƙaramin adadi kafin babba. Ina ji na ce ai wannan tis'atun wa tis'un ne na Islamiyya! Da kai ne da ka sha wuya, kai da ke zillewa ta taga duk ranar Larabci. Har yanzu kana cewa ciwon ciki ne?

Af, da gaske ne mai shayin bakin layinmu ya koma tasha? To ina kuke zama da dare yanzu? Ina yawan tuna bencin nan, rediyo a tsakiya muna jin Sashen Hausa na DW, ba wanda ya kawo a ransa ɗayanmu zai taka ƙasar. Kuma ango bai kira ni ba har yau, ka faɗa masa na ga hotuna, na ga wanda ya sa hulata.

Sai dai waƙa tana da nata tarkon, kuma ya kama ni. Mawaƙi da masoyiyarsa yake magana, kullum du, wato kai ko ke. Manya da baƙi kuwa Sie ake ce musu, kamar yadda muke ce wa Baba "ku". Bakina ya saba, na ce wa ɗan wata tsohuwa du a gaban shugabar sashenmu. Bai ce komai ba, amma na ga fuskarsa ta canza, kuma abin ya kwana biyu yana cina. Na same shi na ba shi haƙuri. Masu waƙar gambara ta zamani kuma suna haɗiye ƙarshen kalma, su cusa Turkanci da Larabci, har wallah za ka ji. Na rubuta nix maimakon nichts, wato ba komai, a aikin gida, malama ta zagaye shi da jan biro. Jefa aikatau can ƙarshen jimla bayan weil, wato saboda, shi ma a littafi na koye shi, da zama da maimaici.

Yanzu B2, mataki na gaba, ce a gabana, ita ake nema kafin aikin jinya sosai, kuma ita ke hana ni barci. Ka sa ni a addu'a. Sanyi ya shigo, ƙarfe huɗu an yi magariba.

Kar ka ba kowa kilishi ya kawo min, ba a barin nama ya shigo, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Yaji da kuka dai, in an samu mai zuwa. Aikin dare gare ni yau, bari in tashi. Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce mata na ci.

Naka har kullum.