Gangarar layi ta wuce haddar y = mx + c

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili a wannan jarida mai farin jini mu yi kira ga 'yan'uwanmu malaman lissafi kan yadda ake koyar da gangarar layi a aljabara. Ɗalibai da yawa sun haddace y = mx + c tsaf, amma da ka tambaye su me m take nufi sai su yi zuru.

Ita m ɗin nan, yawan hawan da layi yake yi ce, ko saukarsa, duk sa'ad da aka yi taku ɗaya zuwa dama. Suna ne kawai gangara, hawa ma yana ciki. A ɗauki ɗigo biyu, (1, 2) da (4, 11). Daga na farko zuwa na biyu an yi taku 3 zuwa dama, an hau 9, kowane taku hawa 3 ke nan. Wajen debewa ake tuntuɓe. Yaro zai rubuta 11 − 2 a sama, a ƙasa kuma ya juya ya rubuta 1 − 4, ya raba, gangara ta fito masa −3. Da ya ɗiga ɗigon biyu a takardar giraf, da idonsa ya nuna masa layin hawa yake yi, ba yadda za a yi gangararsa ta zo da alamar debewa. Ɗigon da aka fara da shi a sama, da shi ake farawa a ƙasa.

In an sami gangara da ɗigo ɗaya, sai a rubuta y − 2 = 3(x − 1). Ukun nan tana ninka duk abin da ke cikin baka, amsa y = 3x − 1. Mai gaggawa yakan ninka x kaɗai, ya fito da y = 3x + 1. A sa shi ya gwada ɗigo na biyu: in x ta zama 4, tasa ta ba da 13, alhali 11 ake nema.

Wanda ya fi damunmu shi ne 2x + 3y = 12. Ɗalibi zai hangi 2 a jikin x ya ce ga gangara. Ba ita ba ce, domin y ba ta tsaya ita kaɗai ba tukuna. A debe 2x daga ɓangarorin biyu, a raba kowane abu da 3, har da 12 ɗin da ake yawan mantawa, a sami y = −(2/3)x + 4. Sigar 2x + 3y = 12 kuwa tana da ranarta: a mai da x sifili, y ta zama 4, a mai da y sifili, x ta zama 6. Daga (0, 4) zuwa (6, 0) an sauka 4 cikin taku 6, wato −2/3 ɗin dai.

Kada kuma a bar yara suna haɗa y = 5 da x = 5. Na farko a kwance yake, gangararsa sifili. Na biyu a tsaye yake ƙyam: daga (5, 1) zuwa (5, 7) an hau 6 ba a matsa gefe ko kaɗan ba, kuma ba a raba lamba da sifili, saboda haka ba shi da gangara sam, sigar y = mx + c ma ba ta ɗaukarsa.

Roƙonmu, kafin a rubuta wata siga a allo, kowane ɗalibi ya zana layin da hannunsa ya ƙirga takunsa.

Mun gode.

Daga wasu malaman lissafi na sakandare