Girgiza kaɗai ba ta sa yatsa ya ji kaushin abu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarka domin yin gyara kan na'urorin da ke sa mutum ya ji taɓin abin da ke cikin kwamfuta. Da yawa sun ɗauka da zarar na'ura ta kaɗa a hannu, an kwaikwayi katako ko yadi ke nan. Da sauran aiki.

Fata hanya biyu take bi wajen gane kaushi, kamar yadda masanin halayyar ɗan Adam David Katz ya bayyana tun 1925. Idan tudun saman abu ya wuce kimanin milimita 0.2, ɗora yatsa ma ya isa a ji shi. Idan bai kai haka ba, sai yatsa ya zame a kai, fata ta kaɗa, jijiyoyin da ake kira Pacinian su kama. Sun fi ji a wajen kaɗawa 250 a daƙiƙa.

Nan lissafin yake. Yatsan da ke tafiyar milimita 100 a daƙiƙa kan tudu masu tazarar rabin milimita zai kaɗa sau 200. A rage saurin da rabi, kaɗawar ta koma 100. Dole na'ura ta riƙa auna sauri da ƙarfin dannawa, ta sauya kaɗawarta nan take, ta kuma yi shiru da zarar yatsa ya tsaya. In ba haka ba, abin da hannu zai ji bai wuce girgizar wayar da ake kira ba.

Masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun bi hanyar da muke ganin ta fi. Sun ɗaura na'urar auna girgiza a kan sanda mai kamar biro, suka goga ta kan abubuwa 100 da sauri da ƙarfi iri-iri, suka fitar da sakamakon a 2014. Ba maimaita abin da aka naɗa ake yi ba, domin shi naɗin, sauri ɗaya kawai ya sani. Kwamfuta ce ke ƙirƙiro sabuwar kaɗawa daidai da motsin hannu.

Inda ake yawan samun matsala shi ne jinkiri. Ido yana gamsuwa da hoto 60 a daƙiƙa, amma na'urar taɓi sai ta sabunta lissafinta sau 1,000. Idan ta gaza, sai sanda ta kama zuga da rawa a hannu. Ƙaramar motar lantarkin nan da ke sa waya girgiza, mai juya nauyi a gefe ɗaya, ita ma ba ta dace ba: tana jinkirin tashi, kuma ba a raba ƙarfinta da saurinta. Gara irin maganaɗisu da naɗin waya na cikin lasifika.

A na'urori masu allon gilashi da ake taɓawa kuwa, wutar lantarki ce ke ƙara cijewar yatsa, ko kaɗawa mai tsananin sauri ta ƙara santsi. Gumi yana dagula lissafin. Sanyin ƙarfe kuma, wannan babu kaɗawar da ke kawo shi, sai an ƙara farantin ɗumama da sanyayawa.

Duk wanda aka miƙa wa irin wannan na'ura ya gwada, ya ja yatsa a hankali, ya ja da sauri, sannan ya tsaya cik. Idan abin da ya ji bai canza ba, ba a kwaikwayi komai ba.

Naku,
Wasu masu aiki kan fasahar taɓi