Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan waƙoƙin da ya aiko mini

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, saƙonka ya iso tare da waƙoƙin mawaƙiyar Amurka Janis Joplin guda biyu da ka ce sun buɗe maka ido, har kana tunanin ajiye karatu domin, a ganinka, neman takardar shaida da albashi wata bauta ce. Waƙoƙin ba baƙi ba ne a kunnena, domin a faifan garmaho na fara jin su tun ba a haife ka ba, saboda haka bari mu bi su a tsanake.

Waƙar "Mercedes Benz" an ɗauke ta ranar 1 ga Oktoba 1970, da murya zalla, babu ganga babu jita. Mai waƙar tana roƙon Ubangiji ya saya mata Marsandi saboda abokanta duk motar Porsche suke hawa, sannan ta ƙara da talabijin mai kala. Ka yi daidai da ka gane habaici ne, amma wanda ake yi wa habaicin shi ne mutumin da idonsa ke kan abin hannun maƙwabci har ya mayar da addu'a lissafin sayayya, ba mai neman halaliyarsa ba. Ita kanta Joplin tana da Porsche da aka yi wa zane kala-kala, wadda aka yi gwanjonta a 2015 a kan dala miliyan 1.76, kuma a 1995 kamfanin Marsandin ya ɗauki waƙar ya yi tallar motarsa da ita.

Ta biyun, "Me and Bobby McGee", wadda Kris Kristofferson da Fred Foster suka rubuta, ita ce ta fi damuna, domin baiti guda ka tsinta, inda aka ce 'yanci shi ne mutum ya zama ba shi da sauran abin da zai rasa, ka bar sauran labarin. Mai maganar matafiyiya ce da aljihunta ya bushe a birnin Baton Rouge na Amurka, direban babbar mota ya rage musu hanya ita da masoyinta zuwa New Orleans, kuma kafin waƙar ta ƙare sun rabu, tana cewa za ta ba da duk kwanakin da suka rage mata don a maido mata rana ɗaya da ta wuce. Wannan kukan rashi ne na wadda take lallashin kanta, ba kirarin nasara ba. Joplin ta rasu ranar 4 ga Oktoba 1970 tana da shekara 27, sakamakon miyagun ƙwayoyi, ba ta ga yadda waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a Maris 1971 ba.

Ka kuma tuna cewa kiɗan buluz, wanda kiɗan rok ya tsiro daga gare shi, ya fito ne daga baƙaƙen fatar kudancin Amurka, musamman yankin Misisifi, masu noman auduga a gonar wani, waɗanda bashin mai gona ke ɗaure su shekara da shekaru. A bakinsu 'yanci yana nufin a biya su haƙƙin guminsu, su kuma iya tafiya inda suka ga dama. Bessie Smith, mawaƙiyar buluz wadda Joplin ta ɗauka gwanarta, ta rasu a 1937, kabarinta ya zauna babu alama har 1970, lokacin da Joplin ta ba da gudummawar sayen dutsen alamar kabarin, da kuɗin da ta samu ta hanyar sana'arta.

Ban ƙi ka guji kwaɗayi ba, domin wadar zuci ita muka tarbiyyantar da ku a kanta, sai dai mai sana'a a hannu ne ake gane wadar zucinsa, tunda shi ke da abin da zai iya kawar da kai daga gare shi. Don haka ka kammala wannan zangon karatu tukuna, idan ka zo hutu mu saurari waƙoƙin tare daga farko har ƙarshe, sannan ka faɗa mini inda ka ga na yi kuskure.

Na tura kuɗin makaranta jiya. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.