Koke kan lakar masai da ake juyewa a bayan gidajenmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, makon jiya motar yashe masai ta sake zuwa da asuba ta juye lakarta a filin bayan gidajenmu, taku kaɗan daga rijiyoyin da muke sha. Da dare aka sheƙa ruwa. Gari na wayewa baƙin ruwa ya malalo har ƙofar gidaje, yara na ratsa shi da takalma a hannu za su makaranta. Yanzu gida-gida ana fama da amai da gudawa.

Mun kai kuka, mun rubuta, an zauna, an ce za a duba. Da aka turo ma'aikaci, ruwan sama-sama ya ɗiba a kwalba, aka dawo mana da cewa ba matsala. Allah ya huci zuciyarka, gwajin bakteriya kawai aka yi. Bairos na hanji, wato ƙwayoyin cutar da suka fi bakteriya ƙanƙanta, irin su rota da noro da shan inna da ciwon hanta nau'in A da E, manne wa najasa suke yi, don haka a laka suke taruwa, kuma sun fi bakteriya jure zama. Sai an ɗebi lakar kanta, an wanko su daga jikinta, an tattara su wuri ɗaya, sannan gwaji ke da ma'ana. PCR, wato gwajin da ke neman ƙwayar halittarsu, kan nuna alamarsu ko da sun mutu; rainon su a ɗakin gwaji ne ke ƙirga masu rai. A Amurka, dokar 1993 ta sa ma'aunin laka mai daraja ta ɗaya, wato mafi tsabta, ƙasa da ƙwayar bairos 1 mai rai cikin giram 4 na busasshiyar laka. Mu ko sau ɗaya ba a taɓa auna tamu ba, ga shi manoma na kwasar ta a matsayin taki.

Muna roƙon Mai Girma ya sa baki a hana motocin nan zuwa, a ɗebi lakar da ruwan rijiyoyin a kai ɗakin gwajin da ya iya aikin, a karanta mana sakamakon da alƙalumansa, ba "lafiya lau" da baki ba. A killace filin. Akwai masu juna biyu a cikinmu, kuma ciwon hanta nau'in E ya fi yi musu illa. Motocin nan dai, ranka ya daɗe, a hana su tun kafin wani ruwan ya sauka.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Mazauna unguwar da abin ya shafa